Koren Zanen Batulu

Duk wanda ya yi aure a garin Gombe tun zamanin da kuɗin auduga ke yawo a hannun mutane har zuwa shekarun da aka ba mu jiha, in dai gidansu ana ji da kai, to Babayo ne ya tsaya a gabansa ya kanne ido ɗaya ya ce, "Kar wanda ya motsa." Babayo Mai Kala ake ce masa, kuma ba a banza ya ci sunan ba. Shi ya fara nuna wa mutanen garin nan cewa jan ɗankwali zai iya fitowa ja a hoto, ba baƙi ƙirin kamar gindin tukunya ba. Yau kuwa in ka bi ta Gabukka da hantsi za ka gan shi bisa benci a ƙofar gida, dogo siriri, gemu fari fat, samari na wuce shi da wayoyi a hannu, ko sannu sai wanda ya ga dama.

Ba a cikin gari aka haife shi ba. Ɗan ruga ne. Ubansa Bappayo mai garke ne na a zo a gani, kafin annoba ta bi ta kan shanun ta bar masa igiyoyi da turaku. Suka kwaso 'yan komatsansu suka shigo Gombe, Babayo yana saurayi, bai iya komai ba sai kiwo. Amma ya zo da abu guda da ba a saye a kasuwa, wato ido. Makiyayi kowace saniya da launinta yake kiranta, abin da kai za ka ce ja ne kawai, shi sai ya raba maka shi gida-gida: wannan ta yi duhu, wannan ta sirka da fari a wuya, waccan kamar an yayyafa mata toka. Da wannan idon ya faɗa hannun Bernard, wani Batangale mutumin Kaltungo mai shagon hoto a Sabon Layi, gajere mai fara'a, amma mafaɗaci in ka taɓa masa kayan aiki da hannu mai maiƙo.

Bernard ya koya masa sana'a bai rage komai ba, tun daga yadda ake tsayar da mutum rana ta sauka a gefen fuskarsa har zuwa wanke hoto a ɗakin duhu. Abu ɗaya ne ya tsaya wa Babayo a maƙoshi. Mace za ta ci kwalliya tun safe, ta ɗauro atamfar da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, a ɗauke ta, hoto ya fito duk toka-toka kamar ta yi birgima a murhu.

"Oga, wannan ai cuta ce," in ji shi wata rana. "Ina shuɗin? Ina ruwan goron?"

"Fuska ake ajiyewa, ba tsumma ba," in ji Bernard, ko ɗago kai bai yi ba. "Zane yagewa yake yi. Kai dai samo min fuskar."

Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Da Babayo ya ji labarin a Jos akwai injin da ke wanke hoto mai kala, sai ya lallaɓi ubansa aka sayar da 'yar karsanar da ta rage musu, ya tafi ya dawo da kyamara da fim, ya kama nasa shagon. Wahalar da ya sha kuwa sai wanda ya gani. Injin ba ya nan kusa, don haka in ya ɗauki hotuna sai ya naɗe fim ya kai tasha ya damƙa wa direban Jos, sannan a zauna a zuba wa hanya ido. Farkon lamari wani direba ya jefa ambulan ɗin a gaban mota, rana ta gasa shi tun daga nan har can, hotunan biki guda suka dawo rawaya kamar an tsoma su a miyar taushe. Ranar ya sha zagi har na uwa. Daga nan ya koma zuba fim a kular abinci ya ɗaure da tsumma, har direbobi suka samu abin tsokana. Da sun hango shi sai ka ji, "Mai Kala, yau tuwo ne za a kai Jos ko dambu?"

Ranar da ya liƙa hoton farko da ya fito daidai a ƙofar shago, hanya sai da ta toshe. Matar wani ɗan kwangila ce ta GRA, cikin jan leshi, a gaban furannin gidansu. Masu keke suka jingine kekuna, masu talla suka sauke faranti. Wata tsohuwa ta lashi yatsa ta goga a jikin hoton, ta duba ko rinin zai biyo ta. Bernard ma ya tako ya zo, ya daɗe yana kallo hannu a baya.

"Ya yi kyau, ba ƙarya," ya ce. "Amma rini ne, Babayo. Ka kuwa san halin rini da rana."

Babayo ya yi dariya, a ransa yana cewa hassadar tsufa ce. Kuma wa zai ga laifinsa? Kafin ka ce kwabo gari ya juyo kansa. Biki, suna, dawowar alhazai, saukar karatu, duk sai an jira Mai Kala. Shagon Bernard ya koma na masu neman ɗan hoton fasfo da tsofaffin da ba su yarda da sabon abu ba.

To, a duk shekarun nan da Babayo ke bin gidaje yana ɗaukar 'ya'yan mutane, akwai yarinya ɗaya a garin nan da bai taɓa ɗaga wa kyamara ba, ita ce 'yarsa ta fari. Wanda bai san Fulani ba sai ya ce ƙiyayya ce. Ina! Kunya ce, irin wadda aka shayar da shi tare da nono. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zuba masa ido. Ga shi kuma sunan mahaifiyar Babayo aka sa mata, Batulu, kunya ta zama biyu. Shi da matarsa Suwaibatu "waccan" suke ce mata, ko "'yar gidan nan". Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ba ta dawo gabansu ba sai da tsohuwar ta rasu, lokacin ta fara zama budurwa. In ta kawo masa abinci ta durƙusa, shi ya kafa wa tabarma ido, ita ta kafa wa ƙasa. Ya san takunta, ya san tarinta, ya san ɗan tabon ƙuna a bayan hannunta na dama, don hannun ne ke ajiye kwano. Sai ta juya za ta fita sannan yake ɗago kai ya bi bayanta da kallo har labule ya rufe. A duniya ba abin da yake so kamar yarinyar nan, kuma ko ita bai taɓa bari ta gane ba.

Bernard, wanda duk Kirsimeti sai ya jera nasa 'ya'yan daga babba zuwa ƙarami ya ɗauke su, abin ya dame shi.

"Kai da al'adarku! To turo min ita ni in ɗauke ta mana, tun da ba ni na haife ta ba."

Da kunya ce kaɗai, da ya tura ta an wuce wurin. Amma girman kai ya sa baki.

"'Yar Mai Kala a baƙi-da-fari? Haba Oga, so kake a yi da ni a gari? Bari dai, akwai lokaci."

Wannan "akwai lokaci" ta ci mutane da yawa a garin nan, ba Babayo kaɗai ba. Bernard ya girgiza kai bai sake tayar da zancen ba.

Wata tafiya da Babayo ya yi Jos da kansa, ya ga wata atamfa a kasuwa da ta tsayar da shi cak. Koriya ce, irin koren ciyawar farkon damina, da ɗigo-ɗigon ruwan goro a jiki. Ya saya, ya kawo gida, ya miƙa wa Suwaibatu yana kallon bango ya ce, "Ki ba waccan." Ita ce atamfar da Batulu ta ɗaura ranar bikin ƙawarta Hikima a Bagadaza, kuma shi aka kira ɗaukar hoto, wa kuwa za a kira in ba shi ba. Ƙawaye suka jeru, amarya a tsakiya. Ya sa ido a kyamara sai ya hango koren nan a can gefe, ƙarshen layi. Gabansa ya faɗi. Ya maƙale idonsa a kan amarya, ya ce, "Kar wanda ya motsa," ya danna, ya juya abinsa. Al'adarsa ce ya ɗauki kowane hoto sau biyu don gudun wadda ta ƙifta ido, amma wannan bai maimaita ba. Da hotunan suka dawo daga Jos yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, yana zuwa kan wannan ya yi sauri ya tura shi ƙasa, ya rufe ambulan ya aika wa masu shi.

Ba a daɗe ba aka ɗaura wa Batulu aure da Abdulmumini, wani direban tirela da ita ta ce tana so. Ranar biki Babayo ya tsiri tafiya Kumo, kamar yadda uban 'yar fari ke nemo wa kansa uzuri. Wanda ya wakilta ya ɗauki hotuna, amma amarya ce, kanta a sunkuye cikin mayafi, ba abin da ya fito sai hannuwa da lalle. Shekara na zagayowa ta dawo gida goyon ciki. Ta haifi mace, jini ya ɓalle mata, kafin ranar suna Allah ya karɓi abarsa. Babayo yana zaure ya ji kukan mata ya tashi daga cikin gida. Bai shiga ba. Mata suka yi mata wanka suka suturta ta, ya bi sahu aka sallace ta, ya kama makara da hannunsa har maƙabarta. Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani, mutane suna ta cewa, "Kai, Babayo akwai dauriya." Dauriyar me? Mutumin nan daga ranar bai ƙara jin daɗin abinci ba.

Jaririyar aka sa mata Ikhlas, ta tashi a hannun kakanninta, don uban ya sake aure ya nausa wajen Kamaru da motarsa, daga baya sai labarin rasuwarsa aka ji. Jika kuwa ba kunya tsakani. Duk kallon da Babayo ya hana kansa, a kan Ikhlas ya juye shi. Ya ɗauke ta tana rarrafe, ya ɗauke ta da giɓi, ya ɗauke ta tana kuka don an hana ta alewa. "Amaryata," yake ce mata, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta auren tsoho mai furfura. Sau da yawa yakan tsura mata ido yana neman wani abu, sai dai kowa ya shaida yarinyar ubanta ta ɗauko sak, kamar an tsaga kara.

Sana'a kuma ta fara zamewa daga hannunsa. Injinan wanke hoto suka shigo gari, kowane yaro ya rataya kyamara ya zama mai hoto. Bayan su waya ta zo ta kwashe kowa da kowa. Wata damina ruwa ya cika kwari ya shiga shagon, kwalayen fim ɗin da ya tara tun farkon aikinsa suka jiƙe suka manne da juna, ya kwashe su da shebur ya zubar. Bernard ya rasu, aka kai shi Kaltungo. Suwaibatu ta bi. Amma abin da ya fi cin ransa ba wannan ba ne. In ya shiga gidan mutane gaisuwa ko ta'aziyya, sai ya ga aikinsa rataye a bango yana mutuwa a tsaye. Shuɗi ne ke fara tafiya, kore ya bi shi, sai wani ja-ja mai kama da makuba ya cinye sauran, amare su koma kamar inuwa a cikin kunun kanwa. A gefensu kuwa ga na Bernard, baƙi-da-fari, tsohon da ya mutu tun tuni yana kallonka tar, har tsagen fuskarsa kana iya gani. Babayo ya koma in ya shiga falon mutane sai ya nemi kujerar da ta ba bango baya.

Bana aka sa ranar auren Ikhlas. Ta yi karatu, tana aikin jinya, bakinta kuwa ba ya shiru. Tun tana ƙarama takan tambayi hoton uwarta, a ce mata za a duba, ta manta. Wannan karon ta zo ta zauna a kan bencinsa ta ƙwace rediyon da ke kunnensa ta kashe.

"Kaka, yau ba wasa na zo yi ba. Kai da ka ɗauki duk mutanen Gombe, ina hoton mamata?"

"Amaryata, kishi kike don za ki bar ni?"

"Wallahi ba zan shiga ɗakin miji ban san fuskar wadda ta haife ni ba. Kowace ƙawata tana da na tata. Ni ko a mafarki in na gan ta, ba ta da fuska."

Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Babayo ya ce akwai guda ɗaya, in Allah ya sa masu shi ba su yar ba.

Suka hau Keke Napep zuwa Bagadaza. Hikima ta zama dattijuwa mai jikoki, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta tashi da rawar jiki, tana share ido da bakin mayafi.

"Allah sarki Batulu! Baba, ai hoton nan ban taɓa sauke shi ba. Yana nan inda na rataye shi tun ina amarya."

Inda ta rataye shi kuwa daura da taga ne, wurin da ranar yamma ke faɗowa kullum ta Allah. Babayo na ganin haka ya san abin da zai tarar. Ta sauko da shi ta goge ƙurar gilashin. Amarya a tsakiya da sauran kamanni, ana iya gane hancinta da sarƙar wuyanta. Amma can gefe, ƙarshen layi, inda rana ta fi ci, sai wani tsayi na mutum kawai, jiki da zane da bango duk sun zama launi ɗaya. Wurin fuska an bar ɗan dishi-dishi biyu inda idanu suke.

Ikhlas ta daɗe tana kallo. Sai ta zaro waya.

"Ku tsaya, akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto. Yanzu za ku ga ya fito tar."

Ta ɗauki gefen hoton, ta danna nan ta danna can, suka tsaya suna jira. Sai ga mace ta bayyana a wayar, kyakkyawa, fata sumul, dogon hanci, tana murmushi, sanye da zane ruwan hoda. Ikhlas ta dafe ƙirji.

"Inna Hikima, ita ce? Don Allah ita ce?"

Hikima ta karɓa ta nesanta da ido, ta matso da ita, ta karkata kai.

"Kai! Kamar ita fa. Amma kamar Batulu ta fi haka cikar kumatu. Ko kuwa ƙawarmu Jummy ce mai kumatun? 'Yar nan, shekaru sun ja, kaina ya cakuɗe. Miƙa wa kakanki. Mutumin da in ya ga fuska sau ɗaya, ko bayan shekara nawa sai ya gaya miki a gidan wa ya ɗauke ta. Balle 'yar da ya haifa."

Ikhlas ta durƙusa a gabansa ta sa masa wayar a hannu. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau ya maƙala. Yau ba mahaifiyarsa, ba Suwaibatu, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Ya zuba wa matar nan ta cikin waya ido, irin kallon da bai taɓa yi ba, ya daɗe.

"Zanen ba haka yake ba," ya ce a hankali. "Ba ruwan hoda ba ne. Kore ne, koren ciyawar farkon damina, da ɗigon ruwan goro. Ni na saye shi a Jos. Ɗankwalin ma ba haka take ɗaura shi ba, ta baya take sako da leɓatunsa, suna taɓa wuyanta. Hannun nan kuma na dama akwai tabo, sun goge shi."

"To fuskar fa, Kaka?"

Ya sake duban hancin, ya dubi bakin, ya dubi idanun. Ya rufe ido ya nemo ta a cikin kansa, sai ga hannu yana ajiye kwano, ga baya yana fita, ga labule yana rufewa. Ya buɗe ido.

"Kaka, ita ce?"

"Ban sani ba, Ikhlas," ya ce. "Ban taɓa kallon Batulu ba."

Hikima ta rufe baki da hannu, don tun da take ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Ikhlas ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Shi kuwa hawayen da bai zubar a zaure ba, bai zubar a maƙabarta ba, su ne suka gangaro suka shige cikin farin gemun, bai ko share ba. Hasken wayar ya dushe ya mutu a hannunsa yana riƙe da ita.

Da suka tashi tafiya, har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo. Hikima na ƙoƙarin mayar da hoton kan ƙusarsa.

"Hikima," ya ce, "don Allah ki ɗauke shi daga bakin tagar nan."